Fata ai fata ce? Amsa ga ɗalibar likitanci kan batun damawa da kowa a fannin cututtukan fata

Tambaya: Likita, ina aji biyar a makarantar likitanci, kuma ina sha'awar ƙwarewa a cututtukan fata. Duk lokacin da na buɗe mujallun Amurka sai in tarar suna ta maganar ƙara yawan baƙaƙe a cikin likitocin fata da damawa da kowa. Ni dai gani nake siyasarsu ce kawai. Fata ai fata ce, cuta kuma cuta ce. Ko akwai wani abu na ilimi a ciki da ya kamata in sani?

Amsa: Ƙanwata, akwai siyasa a ciki, ba zan ɓoye miki ba, kuma za mu zo kanta. Amma bari mu fara da littafin da ke kan teburinki. Buɗe babin cututtukan fata ki ƙirga sau nawa marubucin ya ce wuri "ya yi ja". Za ki gaji ki bari. Kusan duk ginin wannan fanni a kan kalmar nan aka ɗora shi: borin jini ja ne, kirci ja ne, wurin da ƙwayar cuta ta shiga ja ne. Dalilin a bayyane yake. Idan fata ta harzuƙa, ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashinta sukan buɗe, jini ya taru, a fatar Bature kuwa babu abin da zai tare wa ido ganin jinin nan. A fatarki da tawa akwai sinadarin melanin, mai ba fata duhu, shimfiɗe a sama kamar labule. Jinin yana nan, kumburin yana nan, amma abin da ido zai gani shi ne wuri ya fi kewayensa duhu, ko ya yi ruwan makuba, ko shunayya, ko ya yi toka-toka. Wani lokaci ma ido ba ya ganin komai, sai an ɗora hannu a ji ɗumi.

Ina tuna lokacin da muke ɗalibai mun haddace cewa cutar soriyasis tana fitowa da faci mai launin naman kifin salmon, da ɓawo fari kamar azurfa a kai. Duk ajinmu babu wanda ya taɓa ganin kifin salmon ko a mafarki. Tarwaɗa muka sani, da ragon ruwa, da karfasa. Haka muka rubuta a jarrabawa, haka aka ba mu maki. Ranar da aka kawo mana wani tela mai soriyasis a gwiwar hannu da ƙeya, facin nasa baƙi ne mai ɗan sirkin shunayya, ɓawon kuma kamar an yayyafa toka. Muka zagaye bawan Allah muna zare ido, wannan ya ce makero, wancan ya ce kirci. Malaminmu ya ɗauki ɗan katakon da ake danne harshe da shi, ya kankare ɓawon a hankali, sai ga ɗigo-ɗigon jini ƙanana kamar an tsattsira allura. Ya ce mu bar neman kala, mu dubi iyakar facin, mu dubi inda ya zauna a jiki, mu dubi faratan mutumin. Telan nan ya kusa shekara biyu yana shafa maganin makero daga kemis.

To idan haka ta same mu, mu da muka tashi cikin baƙar fata, ki auna likitan da ya yi karatu a garin da bai cika haɗuwa da baƙin mutum ba, kuma littafinsa bai nuna masa ba. An ƙirga, ba zato ba ne. A 2018 wasu masu bincike biyu, Patricia Louie da Rima Wilkes, suka zauna suka duba hotuna 4,146 a manyan littattafai huɗu da ake koyar da ɗaliban likitanci da su a Amurka. Kashi 4.5 cikin ɗari ne kacal suka nuna fata mai duhu. A littattafan cututtukan fata kansu an yi irin wannan ƙirge a 2006, aka sake yi a 2020, lissafin bai motsa ba: daga kashi 4 zuwa ƙasa da kashi 20, gwargwadon littafi. Da korona ta zo, Dakta Jenna Lester da abokan aikinta suka tattara hotuna 130 da aka wallafa na ƙurajen da cutar ke fitarwa, ba su sami ko ɗaya na mutum mai baƙar fata sosai ba, alhali a lokacin baƙaƙen Amurka suna cikin waɗanda cutar ta fi kashewa. Akwai kuma wani abin takaici da Lester ta nuna tun kafin nan: inda baƙar fata ta fi yawan bayyana a littattafan shi ne babin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Wato idan ana son nuna ƙurajen fuska a kawo Baturiya, idan an zo kan tunjere a kawo baƙi. Ɗalibi ba zai ce komai ba, amma idonsa ya ɗauki darasi.

Abin bai tsaya a littafi ba. Ma'aunan da ake auna tsananin kirci da su suna ba wa ja maki. Yaron da fatarsa ba ta nuna ja zai fito da maki kaɗan, a rubuta ciwonsa mai sauƙi ne, a ba shi magani mai rauni, shi kuwa yana kwana yana susa har jini. A Birtaniya ana koya wa iyaye su danna kofin gilashi a kan ƙurajen yaro mai zazzaɓi, idan ba su ɓace ba a garzaya asibiti don gudun sanƙarau. A fata mai duhu ɗigon nan da ƙyar ake ganinsa a ƙirji ko cinya, sai an duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido da ganɗa. Ke da kika san abin da sanƙarau ke yi mana da zafin bazara, ba sai na faɗa miki darajar awa ɗaya ba.

Sai melanoma, mafi haɗarin sankarar fata. Gaskiya ne ta fi kama fararen fata nesa ba kusa ba, amma idan ta kama baƙi ta fi yi masa illa. Alƙaluman Amurka sun nuna sama da kashi 90 na fararen da aka gano suna da ita suna raye bayan shekara biyar, baƙaƙe kuwa wajen kashi 70. Babban dalili shi ne makara. An koya wa likita da jama'a su nemi tawadar Allah da ta sauya kama a baya ko kafaɗa, wuraren da rana ke duka. Mu kuwa tamu ta fi fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, inda rana ba ta da hannu a ciki. Ita ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, daga ɗan yatsan ƙafa ta fara. Na taɓa ganin wani dattijo manomi da baƙin gyambo a diddige, an yi ta wanke masa ana ɗaurewa a ce ƙaya ce ta soke shi a gona. Bai iso wurinmu ba sai da kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Shi ya sa duk wanda ya zauna a gabana sai ya cire takalmi, mace mai lalle a farce kuwa nakan roƙe ta ta dawo in ya goge idan akwai abin da nake shakka.

Hatta ma'aunin da muke raba launin fata da shi yana ɗauke da wannan tarihi. Thomas Fitzpatrick na Jami'ar Harvard ya ƙirƙiro shi a 1975, domin ya san yawan hasken da zai haska wa masu soriyasis ba tare da ya ƙona su ba. Tambayar da ake yi wa mutum ita ce, idan ka shiga rana fatarka ƙonewa take yi ko duhu? Rukuni huɗu ne da farko, duka na fararen fata. Daga baya aka liƙa na biyar da na shida. Ki duba fa, Ba'indiye da Balarabe da Bafulatana mai wankan tarwaɗa da mutumin Sudan ta Kudu baƙi wuluk, duk a cusa su a aljihu biyu. Bahaushiya da ke zaɓen atamfa ta fi wannan ma'auni sanin bambancin launin jiki. A 2022 kamfanin Google ya ɗauki wani ma'auni mai mataki goma na Ellis Monk, masanin zamantakewa a Harvard, amma a asibiti har yanzu na Fitzpatrick muke rubutawa, don shi kowa ya sani.

Yanzu ga inda maganar hotuna ta haɗu da maganar mutane. Hoto ba ya ɗaukar kansa. Wani ne yake zaɓar wanda za a ɗauka, wani ne yake zaɓar cutar da ta cancanci kuɗin bincike, wani ne yake tsara tambayar jarrabawa. A Amurka baƙaƙe wajen kashi 13 ne na jama'a, amma kashi 3 ne na likitocin fata. Masu asali daga Latin Amurka ma wajen kashi 4 ne. In ban da likitocin ƙashi, babu fannin da ya kai wannan ƙarancin. Tushen abin tsoho ne. Bayan rahoton Flexner na 1910, wanda ya sake fasalin karatun likitanci a ƙasar, cikin makarantun likitanci bakwai na baƙaƙe biyar suka rufe, Howard da Meharry kawai suka tsira. A Howard ɗin ne John Kenney ya yi shekaru yana jagorantar sashen cututtukan fata, ya horar da kaso mai tsoka na baƙaƙen likitocin fata na zamaninsa. Mutum ɗaya da sashe ɗaya suna ɗauke da nauyin ƙasa guda.

A yau babu wanda ya rubuta a ƙofa cewa kada baƙi ya shiga. Kuɗi da hanya ne suke tankaɗe. Fannin fata yana cikin mafi wuyar samu a can, saboda albashi mai kyau da ƙarancin kiran dare. Mai nema yakan buƙaci maƙalu da aka wallafa, sau da yawa ya ajiye karatu shekara guda ya yi bincike ba albashi, ya biya kuɗin jirgi da masauki ya je wasu asibitoci a san fuskarsa, sannan ya samu babban malami da zai ɗaga waya ya yi magana a kansa. Wanda ya riga ya ɗauki bashin karatu na wajen dala dubu 200, kuma babu likita a danginsu, ina zai fara? Makarantu da yawa ma ba su da sashen fata, ɗalibi zai gama bai taɓa zama da likitan fata ba. A farkon 2022 aka mayar da jarrabawar farko ta lasisin likita ci ko faɗuwa, babu maki. Wasu sun yi murna, ni ban yi sosai ba, don nauyin ya koma kan yawan maƙalu, wanda shi ma mai hali ne yake iya tarawa.

Akwai kuma tsohon miki tsakanin fannin da baƙaƙen Amurka. Daga 1951 zuwa 1974 Albert Kligman, shahararren likitan fata a Jami'ar Pennsylvania, ya yi gwaje-gwaje a jikin fursunonin gidan yarin Holmesburg a Filadalfiya, mafi yawansu baƙaƙe, har da sinadarin dayoksin mai guba, ana ba su 'yan daloli. Shi ne mutumin da sunansa ke maƙale da Retin-A, maganin ƙurajen fuska da muke rubutawa har gobe. Sai a 2021 jami'ar ta nemi gafara, hukumar birnin ta biyo baya a 2022. Idan kika ji ana kukan baƙaƙe ba sa shiga gwajin sababbin magunguna, ki tuna da wannan.

Misalin da ya fi saurin shiga kan ɗalibaina mata shi ne gashi. Mace ta zo da amosanin ka, likita ya rubuta mata sabulun wanke kai na magani, ya ce kullum. Ita kuwa jiya ta biya kuɗi ta zauna awa uku aka yi mata kitso wanda take so ya kai sati uku. Ba za ta yi musu ba, za ta karɓi takarda ta ce na gode, ta je ta ajiye. Bayan wata biyu a rubuta a katinta cewa ba ta bin umarnin likita. Da ya san gashin nan bushewa yake yi ya karye in ana wanke shi kullum, da ya ce sau ɗaya a sati ranar tsifa, ya haɗa mata da maganin shafawa mai maiƙo da za ta bi layin kitso da shi. Akwai wata cuta mai cinye gashi daga tsakiyar ka tana faɗaɗa, ta bar tabo wanda gashi ba ya sake tsirowa, kuma kusan baƙaƙen mata kawai take kamawa. Shekara da shekaru ana ɗora laifin kacokan a kan matan, wai zafin mataji ne da man miƙar da gashi. Sai a 2019 wani bincike da Farfesa Ncoza Dlova ta Afirka ta Kudu ke cikin jagororinsa ya nuna akwai hannun gado, ta wata ƙwayar halitta mai suna PADI3. Tambayar ta daɗe a ajiye, wanda zai ɗauke ta ne babu.

Ƙoƙarin gyara ya fara tun kafin ya zama abin yayi. Dakta Susan Taylor ta buɗe cibiyar kula da fata mai launi a birnin New York a 1999, ta kafa ƙungiyar Skin of Color Society a 2004, wadda ke haɗa ɗalibai da malamai tana kuma tallafa wa bincike. A 2020 wani ɗalibi irinki a Landan, Malone Mukwende, haifaffen Zimbabuwe, ya gaji da tambayar malamansa yadda alama kaza take fitowa a baƙar fata ba amsa, shi da malamai biyu suka haɗa ɗan littafin hotuna suka sake shi kyauta a intanet. Bayan kisan George Floyd, baƙin Ba'amurken da ɗan sanda ya kashe a 2020 ɗin, abin ya kankama: mujallu suka fara neman hotuna na kowane launi, masu buga littattafai suka sake bugu, babbar ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta fito da shirin jawo ɗalibai tun daga sakandare.

Sai guguwar ta juya, nan ne siyasar da kika hango. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A watan Maris na 2024, a taron shekara na babbar ƙungiyar a San Diego, wasu mambobi suka kawo ƙudurin a rushe duk shirye-shiryen damawa da kowa, suna cewa sun zama siyasa, suna raba kan mutane, har suna rura ƙyamar Yahudawa. Ƙudurin bai wuce ba. A farkon 2025 gwamnatin Trump ta ba da umarnin rufe irin waɗannan shirye-shirye a hukumomin tarayya, kuma a shekarar ce Susan Taylor ta hau kujerar shugabancin ƙungiyar.

Ra'ayina, tunda kin tambaya. Masu suka suna da gaskiya a wuri ɗaya: an yi ta taruka da kwamitoci da takardun alƙawari waɗanda ba su warkar da ko ƙurji ɗaya ba. Kuma ban yarda cewa baƙin majiyyaci sai baƙin likita ba. Na ga Baturen da ya fi ni iya karanta baƙar fata saboda ya yi shekaru yana kallonta, na kuma ba ki labarin yadda mu baƙaƙe muka kasa gane soriyasis a jikin ɗan'uwanmu. Ido horo yake so. Inda na rabu da su shi ne da suke ganin gyaran zai zo da kansa. Littattafan nan sun yi shekaru aru-aru a haka, cike da ƙwararru masu kyakkyawar niyya, babu wanda abin ya dama har sai da waɗanda uwayensu da 'ya'yansu ke da irin fatar suka samu kujera a ɗakin. In gaskiya ake so, ki duba sunayen da na ambata miki ki ga su waye.

Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu shi ne manhajojin da ake koya wa gane cuta daga hoto, waɗanda ake cewa su za su cike mana giɓin ƙarancin likitoci. A 2021 wasu masu bincike a Birtaniya suka duba rumbuna 21 na hotunan sankarar fata da ake horar da irin waɗannan manhajoji da su, hotuna sama da dubu 100. Cikin 2,436 da aka rubuta launin fatar mai su, goma ne na fata ruwan ƙasa, ɗaya tak na baƙa. Manhajar da aka yi wa irin wannan tarbiyya ita za a saka a wayar ma'aikacin lafiya a ƙauye a ce ta taimaka masa.

Mu kuma namu damawa da kowa ɗin kamarsa daban. A ƙasashe da yawa na Afirka kudu da Sahara sai a tara mutum sama da miliyan kafin a samu likitan fata ɗaya, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su suna manyan birane da asibitocin koyarwa. Wanda aka bari a baya a wurinmu shi ne zabiya da rana ke ci har ta zama sankara yana ɗan shekara talatin, da mai kuturta da ke ɓoye farin faci don tsoron a guje shi, da matar da ba za ta buɗe jikinta gaban namiji ba kuma babu likita mace, da tsohon da ake yi wa bayani da Turanci yana gyaɗa kai. Da kuma 'yar da man bilicin ya cinye wa fata, ta zo da nankarwa da baƙin tabo a kumatu, wadda in kika fara mata da faɗa ba za ki sake ganinta ba. Cibiyar horarwa da aka buɗe a Moshi ta Tanzaniya a 1992 ta kama hanya mai kyau: tana ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙasashen Afirka ta koya musu cututtukan fata su koma gida, har man kare rana ake haɗawa a can domin zabiya.

Idan kin shiga fannin, ki fara tara hotuna tun yau, da izinin sashenku. Ki kai majiyyaci kusa da taga, hasken rana ya fi, fitilar waya tana sa baƙar fata ƙyalli ta shafe abin da kike son nunawa. Ki sa kyalle marar ado a baya, ki ɗauki ɗaya daga nesa a ga wurin a jiki, ɗaya daga kusa, ɗaya kuma ta gefe don a ga tudun ƙurjin. Ki nemi yardar mutum da harshen da yake ji, ki gaya masa inda hoton zai je, in ya ce a'a ki mayar da wayar aljihu. Ki kula da abin da zai tona shi: tsagar gado a fuska, zobe, zanen lalle. Ki rubuta abin da gwaji ya tabbatar a ƙarƙashin kowane hoto, don hoton da ba a san cutarsa ba ba shi da amfani ga kowa. Telan nan da na ba ki labari, ya warke sarai bayan 'yan watanni, amma duk cikinmu babu wanda ya ɗauki hoton gwiwar hannunsa.